Tarihin Mashahuran Mutane: Pyotr Kapitsa, Masanin Da Ya Je Gaida Mahaifiya Aka Rufe Masa Iyaka

 Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Aflawo ko Hilakonji ko Sinkase ya san cewa babu abin da ya kai rufe iyaka ɗaci, musamman idan mutum yana wannan ɓangare, kayansa da iyalinsa suna wancan. Waɗanda rufe iyakokin Nijeriya ya rutsa da su a Seme daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 ba sa bukatar a yi musu bayani. To, mutumin da za mu kawo tarihinsa a yau irin wannan ce ta same shi, sai dai tasa ta fi tsawo, domin kuwa sai da ya yi shekara 32 kafin ya sake taka ƙasar da ya baro gidansa da injinansa. Sunansa Pyotr Leonidovich Kapitsa, mutumin Rasha, masanin kimiyyar fiziks, wanda ya gano wani irin ruwa da babu kamarsa a duniya.

An haife shi a watan Yuli na 1894 a Kronstadt, wani tsibiri na sojan ruwa da ke bakin birnin Santa Fitasbag. Mahaifinsa injiniyan soja ne da ya yi aikin gina ganuwar tsibirin, mahaifiyarsa kuma malama ce mai tattara tatsuniyoyi. Ya yi karatun injiniyan lantarki a babbar makarantar fasaha ta birnin, a hannun wani malami mai suna Abram Ioffe, a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya taɓa tuƙa motar ɗaukar waɗanda suka ji rauni a fagen daga. Bayan juyin juya halin 1917, ƙasar ta faɗa cikin yaƙin basasa da yunwa da annoba. A lokacin sanyin 1919 zuwa 1920, cikin 'yan makonni, ya rasa mahaifinsa, da ɗansa ɗan shekara biyu, da matarsa Nadezhda, da jaririyar da ta haifa. Yana da shekara 25 ke nan.

Malaminsa Ioffe ne ya janye shi daga wannan hali, inda ya sa sunansa cikin wata tawagar da gwamnati ta tura Turai a 1921 domin sayen kayan ɗakunan bincike. Da suka isa Kambirij ta ƙasar Ingila, sai Kapitsa ya nemi Ernest Rutherford, wanda ya gano cibiyar ƙwayar zarra, ya ɗauke shi aiki a ɗakin binciken Cavendish. Rutherford ya nuna masa cewa wuri ya cika. Ana ba da labarin cewa sai baƙon ya tambaye shi yawan kuskuren da yake yafewa a awonsa, da aka ce masa kashi biyu zuwa uku cikin ɗari ne, sai ya lissafa cewa tunda ma'aikata kusan 30 ne, ƙarin mutum ɗaya bai wuce kuskuren awo ba. Wanda ya saba ciniki ya san irin wannan baki. Aka ɗauke shi na 'yan watanni, ya yi shekara 13.

A Kambirij ya yi fice wajen haɗa manyan injina, abin da Turawan wurin ba su saba da shi ba, don su da ƙananan kaya na hannu suke aiki. Ya sa aka ƙera masa wani ƙaton janareta a Manchesta, wanda yake sakar wa wutarsa gaba ɗaya cikin naɗin waya na kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ya samar da ƙarfin maganaɗisun da ba a taɓa samu ba a zamanin. Ya kafa wani zaure na masana a 1922, inda ake muhawara ba tare da duba girma ko muƙami ba. A 1927 ya auri Anna Krylova, 'yar wani shahararren masanin ƙera jiragen ruwa, suka haifi 'ya'ya maza biyu, Sergei a 1928 da Andrei a 1931. A 1929 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, alhali yana riƙe da fasfonsa na Tarayyar Sobiyat, bai taɓa canza shi ba. Daga bisani aka gina masa ɗakin bincike na kansa da fam 15,000, mai suna Mond, aka buɗe a watan Fabrairu na 1933. A bangon ginin ya sa aka sassaƙa hoton kada, domin kuwa Kada ne laƙabin da ya raɗa wa maigidansa Rutherford.

A nan ne ya juya ga iskar hiliyam. Mu a nan mun fi saninta a matsayin iskar da ake hura wa balan-balan ta tashi sama a ranar salla ko wurin biki. Sai dai ita ce iskar da ta fi kowace taurin kai wajen zama ruwa. Firjin da ke daskarar da kifi a kasuwa bai cika wuce digiri 18 ƙasa da sifiri ba, ita kuwa sai an kai ta digiri 269 ƙasa da sifiri, wato saura digiri 4 kacal a kai ƙarshen sanyi, inda babu wani sanyin da ya wuce nan. Wani Bature ɗan Holan, Kamerlingh Onnes, shi ya fara mayar da ita ruwa a 1908 a birnin Leiden, amma hanyarsa tana da wahala da haɗari. A 1934 Kapitsa ya ƙera injin da ke sa iskar ta tura fistan ta huce da kanta, wanda ya sauƙaƙa aikin matuƙa. Ba abin wasa ba ne, domin ruwan hiliyam ne ke sanyaya maganaɗisun na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI a manyan asibitoci. Haja ce kuma da iyaka ke iya tsayarwa kamar kowace haja: a watan Yuni na 2017, da Saudiyya ta rufe iyakarta da Katar, wadda a lokacin take samar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na hiliyam ɗin duniya, sai da masana'antun Katar suka tsaya na 'yan makonni saboda babu hanyar da manyan motoci za su bi.

Tun daga 1926 Kapitsa yakan je gida kusan kowace shekara, kuma yakan karɓi takardar tabbacin cewa za a bar shi ya koma. A 1934 ya tafi da matarsa a motarsu ta arewacin Turai, don ya gaida mahaifiyarsa a Leningrad, ya kuma halarci wani taron masana, amma a wannan karon babu takardar a hannunsa. Shekara guda kafin nan wani masanin Rasha, George Gamow, ya fita taro Turai ya ƙi dawowa, gwamnatin Stalin kuma tana ganin ba za ta ci gaba da barin Ingila tana cin moriyar ɗanta ba. Da lokacin komawa ya yi, sai aka shaida masa cewa ba zai fita ba. Matarsa aka bari ta koma wurin yaran, shi kuwa ya zauna kusan shekara guda ba aiki, ba injina, ga 'yan leƙen asiri suna bin sa, abokai da dama kuma suna tsoron a gan su tare da shi.

Rutherford da manyan masanan Turai sun yi ta rubuce-rubuce, amma Mosko ba ta motsa ba. Da aka ga mutum ba zai koma wurin kayansa ba, sai aka yi shawarar kayan su biyo shi. Gwamnatin Sobiyat ta biya jami'ar Kambirij fam 30,000, aka kwance janareta da sauran injina aka yi musu lodi a jirgin ruwa, har da ma'aikatansa biyu da suka je don harhaɗa su. Aka gina masa sabuwar cibiyar bincike a Mosko, wadda shi ma ya yi ta ja-in-ja da hukuma a kan kowane abu nata, tun daga fili har zuwa ikon ɗaukar ma'aikata. Anna da yaran suka iso a 1936. Dattawan Zangon Lome da suka ga tashin 1977, lokacin da aka kwashe unguwar daga tsakiyar gari aka kai ta can arewa wajen Aguwe, sun san cewa kwashe kaya abu ne mai sauƙi, mayar da ciniki yadda yake shi ne aiki. Kapitsa bai sake ganin Rutherford ba, domin Kadan ya rasu a watan Oktoba na 1937.

A ƙarshen wannan shekara ta 1937 ne ya yi binciken da ya sa sunansa ya ɗore. Kowane ruwa yana da nasa kauri: zuma ta fi man ja, man ja ya fi ruwan sha, kuma gwargwadon kaurin ruwa gwargwadon wahalar da yake sha wajen bin ƙaramar kafa. Kapitsa ya ɗauki faifan gilashi biyu da aka goge sumul, ya haɗa su har ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin 2,000 na milimita ba, ya bar ruwan hiliyam ya bi ta wurin. Muddin ruwan yana sama da digiri 2.17 daga ƙarshen sanyi, da ƙyar yake ɗiga. Da zarar ya sauka ƙasa da haka, sai ya zube cikin 'yan daƙiƙoƙi kamar babu abin da ya tare shi. Lissafinsa ya nuna kaurin ya ragu aƙalla sau 1,500, gaskiyar magana kuwa ita ce ya ɓace ne ɗungurungum. Shi ne ya raɗa wa wannan hali suna, wanda a Hausa za mu iya kiransa cikakken sulɓi. Irin wannan ruwa idan aka zuba shi a kofi, yakan hau bangon kofin a siririn shimfiɗa ya gangaro ta waje ya ɗige har kofin ya ƙare.

A nan adalci ya sa mu faɗi wani abu. Mujallar Nature ta buga sakamakon nasa a watan Janairu na 1938, kuma a shafin da ke kusa da shi akwai rahoton wasu matasa biyu 'yan Kanada, John Allen da Don Misener, waɗanda suka ga wannan abu ta hanyar siraran bututu. A ina suka yi aikin? A ɗakin binciken Mond na Kambirij, wato gidan da aka raba Kapitsa da shi. Takardarsa ta riga tasu isa da kwana 19, kuma shi kaɗai aka bai wa lambar yabo a kan wannan fanni daga baya. A ganinmu waɗannan bayin Allah biyu an rage musu mudu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a rayuwar mutumin nan ya faru ne watanni kaɗan bayan haka. A shekarun 1937 da 1938 ana kama mutane dubbai a Tarayyar Sobiyat, ana harbe wasu, ana tura wasu sansanonin gwale-gwale, kuma wanda ya buɗe baki a kan ɗan'uwansa yakan bi shi. A ranar 28 ga Afrilu, 1938 aka kama Lev Landau, babban masanin lissafin cibiyar, wanda bai daɗe da zuwa wurin ba. A ranar da aka kama shi Kapitsa ya rubuta wa Stalin wasiƙa. Bai ɓoye cewa Landau mutum ne mai kaifin baki da yawan tara abokan gaba ba, amma ya nuna cewa rasa irinsa asara ce ga ƙasa. Ba a amsa masa ba. Bayan shekara guda ya sake rubuta wa Molotov, shugaban gwamnati, cewa ya gano wasu abubuwa a ruwan hiliyam da babu mai iya warware su sai wannan fursuna. Aka kira shi hedikwatar 'yan sandan ciki da dare, aka shimfiɗa masa sharaɗi, ya sa hannu a takarda cewa shi ne zai ɗauki alhakin duk abin da Landau ya aikata nan gaba. A ƙarshen Afrilu na 1939 aka saki Landau.

Mu 'yan zango mun san wannan da sunansa, lamuni ke nan. Maigida yakan tsaya wa baƙon da ya sauka a gidansa, ya ce a ba shi kaya bashi, idan ya gudu a zo wurinsa. Bambancin shi ne maigida dukiyarsa da sunansa yake jinginarwa, shi kuwa wannan wuyansa ya jinginar, kuma ga mutumin da takardun da aka buɗe bayan rushewar Sobiyat suka nuna cewa da gaske yana da hannu a wata takardar sukar Stalin. Ba kuma shi ne na farko ba, don a 1937 wasiƙar Kapitsa ta taimaka wajen sakin wani masanin, Vladimir Fock. Landau ya biya bashin da aiki: a 1941 ya fitar da bayanin lissafi na cikakken sulɓi, wanda ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1962.

A wannan shekara ta 1941 Kapitsa ya gano wani abu da ya shafi iyaka a zahiri. Ya lura cewa idan zafi zai tsallaka daga jikin ƙarfe zuwa cikin ruwan hiliyam, ba ya wucewa salin-alin, sai ya taru a bakin iyakar, har a sami tazarar zafi tsakanin ƙarfen da ruwan da ke manne da shi. Dalili shi ne zafi a irin wannan sanyi girgiza ce ke ɗauke da shi, girgizar ƙarfe kuma da ta hiliyam ba su dace da juna ba, don haka mafi yawanta sai ta koma da baya, kamar mai naira a kasuwar da sefa kawai ake karɓa. Har yau masana suna kiran wannan cikas da sunan Kapitsa, kuma masu ƙera ƙananan na'urorin kwamfuta suna fama da irinsa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya koma kan oksijin, iskar nan da ke cikin tukunyar masu walda da ta asibiti. Tun 1939 ya ƙera wata ƙaramar farfela mai gudun tsiya wadda ke sanyaya iska ta zama ruwa ba tare da an matsa ta da ƙarfi sosai ba, daga nan a ware oksijin da yawa cikin araha don narka ƙarfe. A 1943 aka naɗa shi shugaban hukumar oksijin ta ƙasa, a 1945 aka ba shi babbar lambar girma ta ma'aikata. Manyan masana'antun oksijin na duniya daga baya wannan hanya suka bi.

Sai ga bam ɗin Hiroshima a watan Agusta na 1945. Stalin ya kafa kwamitin ƙera nasu bam ɗin a ƙarƙashin Lavrenti Beria, shugaban 'yan sandan ciki, wanda ko ministoci suna rawar jiki idan an ambaci sunansa, aka sa Kapitsa a ciki. Cikin 'yan watanni ya rubuta wa Stalin ƙarar Beria, yana kwatanta shi da mai jagorantar makaɗa da ke riƙe da sanda amma bai san kiɗan ba, ya kuma nemi a sallame shi daga kwamitin. Aka sallame shi a watan Disamba. A watan Agusta na 1946 aka tuɓe shi daga shugabancin cibiyarsa da na hukumar oksijin, aka ce hanyarsa ba ta da amfani. Ya koma gidansa na ƙauye a Nikolina Gora, bayan garin Mosko, ya mayar da wata rumfa ɗakin bincike, yana aiki da 'ya'yansa da ɗan abin da ya samu, kullum cikin zaton za a zo a tafi da shi. Ba a zo ba. Stalin ya mutu a watan Maris na 1953, aka harbe Beria a Disambar wannan shekara, a 1955 kuma aka mayar wa Kapitsa da cibiyarsa.

Daga wannan cibiya ne zaren da ya kai ga binciken zamaninmu ya fito. Hiliyam iri biyu ce. Akwai ta gama-gari mai lamba 4, wadda Kapitsa ya yi aiki da ita, akwai kuma mai lamba 3, wadda ta fi ta sauƙin nauyi, kuma a cikin hiliyam ɗin da ke iska ba ta fi ƙwaya ɗaya cikin kusan miliyan ba. Mafi yawan wadda ake amfani da ita daga ruɓewar wani sinadarin makaman nukiliya ake tara ta, abin mamaki ga tarihin mutumin da ya bar kwamitin bam. Ƙwayoyin mai lamba 4 suna iya haɗuwa su tafi a ayari guda kai tsaye. Na mai lamba 3 kuwa ba sa shiga ayari sai kowace ta sami abokiyar tafiya sun zama biyu-biyu, wannan kuma sai a sanyin da ya kusan ninka wancan sau dubu. Wani almajirin Landau, Isaak Pomeranchuk, ya kawo dabarar sanyaya ta ta hanyar matsa ta, aka fara gwada dabarar a cibiyar Kapitsa a 1965. Da ita ce wasu Amurkawa uku a jami'ar Cornell, Osheroff da Richardson da Lee, suka gano a 1972 cewa mai lamba 3 ita ma tana samun cikakken sulɓi a wajen kashi biyu cikin dubu na digiri ɗaya daga ƙarshen sanyi. An ba su Nobel a 1996.

Wannan ruwa yana da yanayi fiye da ɗaya, kuma wanda ake kira yanayin B shi ne mai abin al'ajabi. A tsakiyarsa kowace ƙwaya tana ɗaure da abokiyarta, kuma ba a iya tayar da ko guda sai an biya wani adadi na ƙarfi wanda ba a ragi a kansa, kamar kuɗin shiga kasuwa. Idan sanyi ya yi tsanani babu mai iya biya, sai tsakiyar ta yi tsit kamar babu kowa. Amma a jikin bangon mazubin, a wata shimfiɗa da kaurinta bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin dubu na silin gashi ba, akwai ƙwayoyin da ke kai da kawowa ba tare da biyan komai ba. Suna bin bango, ba sa iya shiga ciki. Ana kiran irinsu da sunan Alexander Andreev, wanda ya bayyana tushen lamarin a 1964 yana matashi a cibiyar Kapitsa, ya kuma zama shugabanta a 1990.

Me ya sa dole a same su a bakin bango? Amsar tana cikin wani reshen lissafi da ake kira tofoloji, wanda ke duba siffofin da ba sa canzawa don an ja abu ko an lanƙwasa shi. A ɗauki igiya a yi mata ƙulli, sannan a haɗa bakinta biyu a ɗinke. Duk yadda aka juya ta ƙullin yana nan, ba ya fita sai an yanke igiyar. Yadda ƙwayoyin yanayin B suke fuskantar juna yana da irin wannan ƙulli, bango da abin da ke bayansa kuwa ba su da shi. Tunda ba a tashi daga mai ƙulli zuwa marar ƙulli sannu a hankali, dole a sami wurin yanka, wurin kuwa shi ne iyaka, kuma a nan ne kuɗin shigar nan ke faɗuwa ya koma sifiri. Shi ya sa sauya irin bangon ba ya kawar da su gaba ɗaya, sai dai maganaɗisun da aka saita ta wata fuska. Grigory Volovik na cibiyar Landau, wanda ya daɗe yana aiki a Helsinki ta ƙasar Finland, yana cikin waɗanda suka fi yin aiki a kan wannan, a 2008 da 2009 kuma masana suka tsara jadawalin irin waɗannan abubuwa, yanayin B ya sami gurbinsa a ciki.

Lissafi ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi na bakin bango suna da wata siffa da ba a saba gani ba. A ƙa'ida kowace ƙwaya tana da kishiya, idan suka haɗu sai su hallaka juna. Wani masanin Italiya, Ettore Majorana, ya nuna a 1937 cewa za a iya samun ƙwayar da ita ce kishiyar kanta. Shi wannan Majorana a watan Maris na 1938, watanni biyu bayan fitowar rahoton Kapitsa, ya yanki tikitin jirgin ruwa tsakanin Palermo da Napoli, daga nan ya ɓace. Ƙwayoyin bangon hiliyam irin nasa ne, abin da ya sa masu neman ƙera sabuwar kwamfuta mai aiki da dokokin ƙwayar zarra suke sa musu ido, don ana fatan irinsu za su riƙe bayani ba tare da ya lalace da wuri ba. A cibiyar fasaha ta Tokyo, a shekarun 2000, an girgiza wani ƙaramin faifai a cikin ruwan aka auna yadda yake turjewa, aka kuma shafe faifan da siririyar hiliyam mai lamba 4 don ya yi santsi, sai alamun suka matso kusa da abin da lissafi ya faɗa. A 2023 masu bincike a jami'ar Lancaster ta Ingila suka motsa wani siririn sanda a cikin ruwan, a sanyin kashi ɗaya cikin 10,000 na digiri, suka ga zafin da motsin ya haifar bai shiga tsakiya ba, jikin sandan ya bi. Waɗannan duk alamu ne na kaikaice, ba a kama ƙwaya guda an nuna ba, kwamfutar da ake fata kuwa ba da ruwan hiliyam za a fara gina ta ba.

Shi dai Kapitsa farkon wannan labari kawai ya gani, hankalinsa ma a lokacin ya koma kan wutar lantarki mai ƙarfi da iska mai tsananin zafi. A 1965 aka bar shi ya je Denmak karɓar lambar yabo, a 1966 kuma ya sauka Kambirij, inda ya tarar da yawancin abokansa sun tsufa ko sun mutu. A 1978, yana da shekara 84, aka ba shi rabin lambar Nobel saboda aikinsa a fannin tsananin sanyi, shekara 40 bayan binciken. Da ya tashi jawabi a Stockholm sai ya bar maganar hiliyam, ya yi bayani a kan abin da yake yi a lokacin.

Halinsa na tsaya wa mutane bai bar shi ba. A 1973 ya ƙi sa hannu a wasiƙar da manyan masana suka rubuta ta yin tir da Andrei Sakharov, a 1980 kuma, bayan an kore Sakharov zuwa garin Gorki, ya rubuta wa Yuri Andropov, shugaban hukumar leƙen asiri ta KGB, yana kare shi. A wannan karon lamunin bai karɓu ba, don Sakharov bai dawo Mosko ba sai a ƙarshen 1986.

Kapitsa ya rasu a Mosko ranar 8 ga Afrilu, 1984, saura wata uku ya cika shekara 90, aka binne shi a maƙabartar Novodevichy. Ɗansa Sergei ya zama masanin fiziks da ya shafe shekaru yana gabatar da shirin kimiyya a talabijin, Andrei kuma masanin ƙasa ne da ya taimaka wajen gano tafkin Vostok da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Antatika. Anna ta rayu har 1996. Cibiyar ta Mosko tana ɗauke da sunansa tun 1990, tsohon ginin Mond na Kambirij kuwa an daɗe da mayar da shi wani aikin, amma kadan yana nan a jikin bango.